Wane man goge fenti ya dace da injin mai juyawa idan kuɗi kaɗan ne?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina da wurin wankin mota a Kumasi, kuma na sayi injin goge fenti mai juyawa na hannu a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota, domin masu tasi suna yawan roƙona in dawo musu da ƙyallin motocinsu bayan ƙurar hunturu ta dusashe su. Jarina bai taka kara ya karya ba. Wane mai zan fara saya, kuma kala nawa nake bukata?

Mai Fenti a Suame:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kala biyu sun ishe ka: mai kaushi wanda yake cin kwarzane, da mai laushi wanda yake share sawun da na farkon ya bari. Farecla G3, wanda mai kaushi ne, ya daɗe a hannun masu fenti kuma yana da auki, sai dai irin na gwangwani yana son a riƙa yayyafa masa ruwa don kada ya bushe a kan bodi. Idan aljihunka zai ɗauka, Meguiar's M105 (mai kaushi) da M205 (mai laushi) an yi su ne don su bi juna. Amma ni a ganina faifan gogewa ya fi man muhimmanci. Faifan ulu yana ci da sauri, yana kuma barin zane-zane masu zagaye da ake gani a rana, musamman a baƙar mota, saboda haka dole ka ƙarasa da faifan soso mai taushi, kuma kada ka haɗa mai biyu a faifai ɗaya. Ka tsaya tsakanin juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti, kada ka bar injin wuri guda, domin fentin sama marar launi bai kai kaurin takarda ba, kuma a gefen ƙofa da bakin bonet yake fara ƙonewa.

Direba daga Nima:
Masta, ina neman afuwa, amma a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ana sayar da mai guda ɗaya wanda yake gogewa ya kuma sa ƙyalli lokaci guda, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Mai Fenti a Suame:
Gaskiya ne, Malam, yana da amfani ga motar da fentinta bai lalace sosai ba. Matsalarsa ita ce da yawa daga cikinsu cike kwarzane suke yi da maiƙo, bayan wanki kaɗan sai ya sake bayyana, mai mota ya dawo da ƙorafi. Wasu kuma suna ɗauke da silikon, wanda yake hana sabon fenti kama jiki idan za a fesa daga baya.

Ɗan Aboabo:
Na gode, Masta. Zan ɗauki ƙaramar roba ta kowanne da faifai biyu, in nemi tsohon bonet a wurin masu kayan gwangwan in fara gwada hannuna a kansa kafin in taɓa motar kowa.