Asibitin garinmu ya tsaya a linta, mu kai kuka majalisar jiha ko mu haƙura?

Sakataren Ƙungiya: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya taɓa kai koke majalisar dokokin jiha ya taimaka min da shawara. Shekara uku ke nan aka kafa allo a bakin hanyar garinmu wai an ba da kwangilar ƙaramin asibiti, aka yi fandisho aka ɗaga gini har linta, daga nan ɗan kwangila ya kwashe leburorinsa, yanzu awaki ne ke kwana a ciki, allon ma rana ta cinye rubutun. Matanmu in naƙuda ta zo cikin dare sai an nemo mota zuwa babban asibiti, da damina kuwa hanyar sai dai addu'a. Wani yaronmu da ke karatu a birni ya nuna mana aikin a kundin kasafin kuɗin jiha shekara biyu a jere. Tambayata, kwamitin lafiya za mu rubuta wa ko na koke-koken jama'a? Kuma dole sai ta hannun ɗan majalisarmu? Don ana raɗe-raɗin ɗan kwangilar mutuminsa ne. Sannan nawa za mu tanada, dubu 85 ce kawai a asusunmu, ita ma ta karo-karo.

Ɗan Tasha: Wa'alaikumussalam. Malam ku tafi gidan rediyo kawai, mu da aka bar mana kwalbati a buɗe sau ɗaya aka saka mu a shirin safe, sati bai zagayo ba muka ga tifa ta sauke yashi.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki, maganar naƙudar nan ta taɓa ni wlh, ni ma a bayan a-kori-kura aka kai ni haihuwar fari. Allah ya kawo muku mafita.

Tsohon Ma'aikacin Majalisa: Sakatare, na yi aiki a sashen kwamitoci, bari in gaya maka yadda abin yake. Sashe na 128 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon binciken duk ma'aikata ko hukumar da ke kashe kuɗin da ita majalisar ta ware, sashe na 129 kuma ya ba ta ikon kiran mutum ya zo ya yi bayani, in ya ƙi ba dalili har sammacin kamo shi za ta iya bayarwa. Takardar ku rubuta wa kakakin majalisa, a al'ada ɗan majalisa ne ke gabatar da ita a zaure sannan a tura wa kwamiti, shi kakaki da zauren ne za su ce wane kwamiti. In ba ku yarda da naku ba ku nemi na mazaɓar da ke maƙwabtaka da ku, wasu suna karɓa. Ku haɗa hotunan ginin da shafin kasafin, ku yi kwafi uku, a buga muku hatimin karɓa a guda ku riƙe. Kada ku rubuta zancen mutuminsa ne tunda ba ku da shaida. Kuma kar ku fara zuwa kotu, maganar da ke gaban alƙali majalisa ba ta taɓa ta.

Baba Mai Fansho: Ɗana, duk abin da wannan bawan Allah ya lissafa mu mun yi shi, har hatimin, ga takardar nan a cikin leda ƙarƙashin katifata. Shekara 35 na yi ina koyarwa, na ajiye aiki garatuti shiru, muka haɗu mu da yawa muka kai koke. Aka kira mu zama na farko, tun ƙarfe takwas muna gindin darbejiya a bakin get har aka kira la'asar, sai wani yaro ya fito da fayil ya ce shugaban hukumar fansho ya aiko takarda ya yi tafiya. Zama na biyu haka. Abokina mai ciwon suga ranar a kan benci ya kwanta, ni na sayo masa ruwan leda da biredi da kuɗin motata, sai da wani direban garinmu ya ɗauko ni bashi. Zama na uku aka turo darakta, shugaban kwamiti ya buga tebur ya yi faɗa sosai, ya ce sati biyu ya ba su su kawo jadawalin biya, wallahi har da masu hawaye a cikinmu don murna. To sati biyun nan ita ce har yau. Rahoton bai taɓa shiga zaure ba, zaɓe ya zo, shugaban kwamitin ya faɗi tun a fidda gwani, muka koma wajen sababbi aka ce ai koken ya tafi da tsohuwar majalisa sai mu sake sabo. Shi abokin nawa bai ga sabuwar ba, Allah ya yi masa rasuwa, iyalinsa ne yanzu ke yawo da fayil ɗinsa.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Allah ya jiƙansa Baba, Allah ya fitar muku da haƙƙinku.

Auta: Baba mahaifina ma haka, shi har ta kai in an ce tantancewa jikinsa rawa yake. Sau nawa aka tantance ku?

Baba Mai Fansho: Sau huɗu ɗiyata, kowane da sabon fotokwafi da hoton fasfo.

Ɗalibin Lauya: Sakatare ku samu lauya ya tsara muku takardar, dubu 30 zuwa 50 za ta isa, in an ga kan takardar lauya an fi ɗaukarta da muhimmanci.

Ɗan Tasha: Dubu 50 a kan wasiƙa?? Mu dubu 2 muka ba mai kwamfuta a bakin kasuwa har da ambulan.

Tsohon Ma'aikacin Majalisa: Ba a biyan ko kwabo don shigar da koke, kuma ba sai da lauya ba. Kuɗin mota ne zai ci ku.

Baba Mai Fansho: A takarda ne ba a biya. Mu kowane zuwa sai mun bar wani abu a get da wajen mai ɗaukar fayil, in ka haɗa da mota mun kashe sama da dubu 100 a tsakaninmu, kuma lokacin ba a cire tallafin mai ba. Malam kai kana ciki a fanka, mu muna waje a rana, kada ka koya min abin da na gani da idona.

Tsohon Ma'aikacin Majalisa: Baba Allah ya huci zuciyarka, ban ƙaryata ka ba. Amma naku kuɗi ne mai yawa da sai gwamna ya sa hannu, nasu aiki ɗaya ne da ɗan kwangila ɗaya. Na ga kwamitin ayyuka ya fita ziyarar gani da ido, aka kira ɗan kwangila, cikin wata biyu ya koma ya rufa gini, saboda yana tsoron a hana shi wani aikin. Kuma lokaci yana da tasiri, ku kai dab da ƙarshen shekara lokacin da kwamishinoni ke zuwa kare kasafinsu, a nan ne kwamiti ke da abin riƙe su.

Mai Shayi: Ziyarar gani da ido ko ziyarar ci da baki? Ranar da suka zo makarantar unguwarmu kaji ne suka ji a jikinsu 😂

Ɗalibin Lauya: Gsky ikon nasu ma da iyaka. Ku tuna 2018 a Kano, majalisa ta kafa kwamiti kan bidiyon dala da aka zargi gwamnan lokacin da karɓar cin hanci, kotu ta dakatar da binciken. Kuma ko kwamiti ya gama, ƙudurin majalisa ba doka ba ne, in ɓangaren zartarwa ya ƙi aiwatarwa sai dai matsin lamba. Ni da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC zan ce ku je.

Ɗan Tasha: Kai da ko makarantar ba ka gama ba kake ta jawo mana turanci, ka taɓa kai koke ko na akuya?

Ɗalibin Lauya: Kai ma ai kwalbati ɗaya aka gyara maka ka zama malami.

Auta: Ni abin da ya fi ci min rai, ƙaramin asibiti ai da ƙaramar hukuma ce ke kula da irinsa. Tun watan Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, amma mu famfon burtsatsen unguwarmu wata bakwai a lalace, kansila ya ce ko kuɗin man babur ba ya samu, mu mata muka yi karo-karon ɗari biyar-biyar aka kira mai gyara, ya kwance kan famfon ya tafi da shi wai zai sayo roba.

Maman 'Yan Biyu: Mu jarka naira 150 muke saye wajen 'yan garuwa yanzu.

Mai Shayi: 150? A ina? Mu 250 ce kuma sai ka yi magiya.

Sakataren Ƙungiya: Na gode jama'a, Baba Allah ya saka muku. Malam tsohon ma'aikaci, in na maƙwabtan ya ƙi karɓa don kar ya ɓata da namu fa, akawun majalisa zai iya karɓa kai tsaye? Ranar Juma'a za mu sake zama kuma dattawa amsa suke jira.

Auta: Mai Shayi 250 ɗin ruwan rijiya ne ko na burtsatse? Don mu mai gyaran har yau wayarsa a kashe.