Bencin Baya: Musayar Waƙa Tsakanin 'Yan'uwa a Kaduna

Ɗan Kakuri:

Salama gare ku cikin sunan Yesu. Na daɗe ina karanta baitocinku ban sa baki ba, yau ga nawa. Bencin baya da zan ambata shi ne wurin zaman wanda ikkilisiya ta sa a horo, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Mai amsawa ya riƙe mini ƙarshen baiti da "wa".

Da sunan Uba na ɗau alƙalami,
Da Ɗa wanda ya fanshi azzalumi,
Da Ruhu mai ba jahili ilimi,
Ku ba ni kunne, 'yan'uwa.

A Kakuri na tashi, ɗan masaƙa,
Jiniya ta busa mu fito mu saƙa,
Ran Lahadi ni ke jan waƙa,
Muryata har titi ana jiyowa.

Ranar da aka ce masaƙa ta rufe,
Injuna suka yi tsit tun da safe,
Na dawo gida da kai a kife,
Uwargida na tambaya, ba amsawa.

Na yi acaɓa, na yi gadi,
Na ci bashi, na rasa kuɗi,
Gidan burkutu ya zama wurin daɗi,
Ƙwarya ɗaya ta koma ba ƙirgawa.

Littafi Mai Tsarki na kan kanta,
Na daina buɗe shi in karanta,
Uwargida na sayar da kekenta,
Na ɗinki, da shi take ciyarwa.

Fasto ya zo, na ɓuya a ɗaki,
Dattawa suka zo, na rufe baki,
Aka karanta sunana, na yi tsaki,
Na ce ni da coci sai rabuwa.

Wata Laraba ina tangaɗi kan hanya,
Na ji mata na waƙa da tulu da ƙwarya,
Waƙar da inna ke yi ina goye a baya,
Ƙafata ta ƙi ci gaba da takawa.

Yau na dawo, bencin baya nake zama,
Jibin Ubangiji na wuce ni hagu da dama,
Wasu na satar kallona suna gulma,
Ku gaya mini, wannan ita ce dawowa?

Baba Dattijo, Sabon Tasha:

Ɗana, sannu da hanya. Ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Daga 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka zauna ba aiki, kuma mun ga abin da hakan ya yi wa gidaje da ikkilisiyoyi. Ga amsata.

Buɗe Luka sha biyar ka karanta,
Ɗan ya shirya magana ya haddace ta,
Uba ya katse shi kafin ya gama ta,
Riga da zobe aka shiga kawowa.

Karɓa ta sama tuni an gama,
Jinin Yesu ya biya, babu gardama,
Bencin nan kuwa da kake zama,
Ba kora ba ce, wuri ne na warkewa.

Mu dattawa muna duban tafiya,
Ba hawayen da aka zubar jiya,
Mun ga masu kuka da babbar murya,
Wata bai fita ba suka sake zamewa.

Zakka ya sauko daga kan ɓaure,
Ya kwance jakar da take a ɗaure,
Ya tuna waɗanda ya cuta a zaure,
Riɓi huɗu ya yi alkawarin mayarwa.

To ina keken ɗinkin 'yata?
Ka je ka durƙusa ka roƙe ta,
Ko da adashi ne ka sayo mata,
Sannan mu yi zancen Jibi da karɓowa.

Maman Zumunta, Narayi:

Baba, barkanku da hutawa. Zancen keke na yarda da ku ɗari bisa ɗari. Zancen benci ne ya hana ni barci.

Baba ku yi haƙuri zan sa baki,
Akwai babban wa da ya dawo daga aiki,
Ya ji kiɗa ya ƙi shiga ɗaki,
Mu ne shi, masu zuwa kullum ba fasawa.

Bencin bayan nan na san shi sarai,
Yarinya da ciki, tana kai ita kaɗai,
Namijin ko yana gaba cikin attajirai,
Ya ba da kwanon rufi, ba mai tankawa.

Mu ɗau ganga mu je bishara ƙauye,
Mu dawo muna murna bakinmu a buɗe,
Ɗan layinmu ko yana ɗaki a ɓoye,
Ƙofarsa ba wanda ke ƙwanƙwasawa.

Irin matarka sun cika zumunta,
Ta ɗaura anko ta ɓoye damuwarta,
Shekara da shekaru tana kai sunan mijinta,
Gaban Ubangiji, ba ta gajiyawa.

Ka saya mata keke, na bi bayan Baba,
Amma kar ka zaci shi ne kuɗin tuba,
Ka dawo gida da wuri, ka ci tuwo ka yaba,
Ka riƙe hannunta a addu'a kafin kwantawa.

A nan Arewa aka fara shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a 1963. "Kowa" ɗin nan har da wanda muka karanta sunansa a gaban jama'a muka manta da shi.

Autan Gonin Gora:

Ina gaida iyaye. Ban iya waƙa kamar ku ba, ku karɓa haka. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma duk wanda ya san lungu ya san ba a rasa shi.

Yaya, ni ƙwaya ce ta kama ni,
Tiramol da kodin suka ɗaure ni,
A taron matasa Kalma ta soke ni,
Na fito gaba ina ta rantsuwa.

Lahadi aka yi mini addu'a aka gama,
Litinin jikina ya ɗau kyarma,
Talata na koma lungun nan kuma,
Kunya ta hana ni sake fitowa.

To wanda ya tuba ya sake faɗi,
Ya tashi ya sake, abin ba daɗi,
Yana da sauran rabo ran Lahadi,
Ko ƙofar tana da ranar kullewa?

'Yar Barnawa:

Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in fara da aikina kafin waƙa. Kyarmar da ta kama ka ran Litinin ba rashin bangaskiya ba ce. Jikin da ya saba da irin waɗannan ƙwayoyi in an yanke masa su lokaci ɗaya haka yake yi: zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, zuciya ta yi ta bugawa. Abu ne da likita ke iya sassauta shi, a rage maka a hankali ana lura da kai. Tiramol kuma in ya yi yawa yana jawo jijjiga, don haka kada ka yi wasa da shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Barnawa yana duba masu wannan matsala, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Yana ƙona mini rai in ga an ɗora wa yaro hannu an sallame shi, ba wanda ya tambaye shi yadda zai kwana.

Bitrus ya yi musu sau uku a jere,
Yana jin ɗumin wuta cikin dare,
Alkawarin da ya ɗauka ya warware,
Zakara ya yi cara, ya kasa daurewa.

Bakin teku kuma da asuba,
Yesu ya gasa kifi ya ce su zo su taɓa,
Bai ce "Bitrus ina alkawarinka" ba,
"Kana ƙaunata?" kawai yake maimaitawa.

Wanda ya ce a yafe bakwai sau saba'in,
Ba zai kulle maka ƙofa ran Litinin,
Ka zo asibiti, muna bin ka da amin,
Magani da addu'a suna haɗuwa.

Malamin Lahadi, Unguwar Romi:

Ɗan'uwa Ɗan Kakuri, kai an ga fitarka, an ga dawowarka. Akwai masu fita ba wanda ya gani. Mu da muka ga rikicin Fabrairun 2000, muka sake ganin na Nuwamban 2002 da na Afrilun 2011, mun san yadda garin nan ya rabu biyu da kogi a tsakani, kowa ya kwashe kayansa ya koma inda nasa suka fi yawa.

Ni ban sha ba, ban yi caca ba,
Ban bar zuwa sujada ko sau ɗaya ba,
Amma zuciyata ba a ɗakin take ba,
Ina bencin gaba, ina ta ɓacewa.

Fabrairun nan muna Tudun Wada,
Hayaƙi ya tashi har bakin gada,
Wana ya fita, ba mai ba da shaida,
Ko gawa babu ta binnewa.

Addu'ar Ubangiji in muna yi tare,
Wurin gafarta wa wasu sai harshe ya ɗaure,
Shekaru ina haka rana da dare,
Ina koya wa yara abin da ba na aikatawa.

Fushi ya mantar da ni maƙwabci mai salla,
Da ya ɓoye mu a ɗakinsa don Allah,
Ya tare ƙofa, idonsa cike da ƙwalla,
Ya ce gawarsa za a fara tsallakewa.

Bana na haye gada na je gaishe shi,
Ya tsufa, jikoki na kewaye da shi,
Ya rungume ni, ni ma na rungume shi,
Daren nan na yi addu'ar har gamawa.

Ban ce ciwon ya tafi ba, kuma ban ce a daina neman adalci ba, don jinin wana da na sauran mutane, Kirista da Musulmi, ba na banza ba ne. Na dai daina riƙe wa Allah fushi a kan abin da mutane suka yi.

Baba Dattijo, Sabon Tasha:

Malam, Ubangiji ya ƙara maka ta'aziyya. Maman Zumunta, tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake hannunmu da Hausa, aikin su Likita Miller na Wusasa da abokansa, saboda haka ba mu da uzurin karanta rabin sura. Galatiyawa 6:1 ta ce a dawo da wanda ya faɗi da tawali'u, mai dawo da shi kuma ya kula da kansa.

Maman zumunta, kin taɓo wurin ciwo,
Yaƙub sura biyu ita kika jawo,
Mai zoben zinariya da abin da ya kawo,
Da mai tsumma, mudu ɗaya ne na aunawa.

Zan kai maganar taron dattawa,
In namiji da mace suka yi kaucewa,
Su biyun za a kira ba bambantawa,
Ko shi ya gina mana hasumiya mai tsawo da kyawu da burgewa.

Benci dai ba zan ce a ɗauke shi ba,
Ikkilisiya ba horo ba ta taɓa ƙarko ba,
Amma ɗana ba za ka ƙara zama kai kaɗai ba,
Lahadi kusa da kai zan yi zaunawa.

Ka turo mini kwatancen cocinku, zan hau keke in zo.

Maman Zumunta, Narayi:

Baba, Allah ya ja kwana. Hasumiyar nan ta tsawaita muku baiti, amma maganar ta shiga.

In kun je ku zauna har a tashi,
Ku riƙe hannunsa a fita da shi,
Masu gulma su gani da idonsu, su gaishe shi,
Mu kuma za mu je gidan da gaisuwa.

Ɗan Kakuri:

Baba, Mama, na gode. Malam, baitinka na uku ya tsaya mini a rai. Ga inda aka kwana.

Na karanta wa uwargida baitin Mama,
Ta yi dariya, ta yi kuka kuma,
Ta ce keken ba shi ne na farko ba ma,
Yara ne na farko wurin roƙon yafewa.

Babban ɗana ya ƙi kallon idona,
Ya ce ya sha jin irin wannan magana,
Ban yi gardama ba, haƙƙinsa na kaina,
Zan jira shi, ba ni da ikon tilastawa.

Na shiga adashi wurin aikin gadi,
Ranar kwasa keke zan saya da kuɗi,
Da asuba Zabura hamsin da ɗaya nake faɗi,
Layin gidan burkutu nake zagayewa.

Ƙarshen wata shi ne babban gwaji,
Albashi a aljihu, abokai na kira ina ji,
Yanzu uwargida ce ta zama ma'aji,
Ita ke karɓa, ita ke rarrabawa.

Autanmu na Gonin Gora, tashi ka shirya,
Yayarka ta Barnawa ta nuna hanya,
Zan zo in ɗauke ka, mu je ba kunya,
Ka sa rana kawai, ni ne mai kaiwa.

Autan Gonin Gora:

Alhamis, Yaya, in Ubangiji ya yarda. Sai dai akwai abu ɗaya, kuma Mama nake roƙo.

Mahaifiyata ba ta san komai ba,
Tana zaton zazzaɓi ne bai sake ni ba,
Ni kaɗai ba zan iya gaya mata ba,
Mama, ko za ku zo Laraba ku taya ni faɗawa?