Neman shawara: Ɗaliba ta kawo mini kukan wani malami, ta ce kada kowa ya ji

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana.

Ni sakatariya ce a wani sashe na wata jami'a a nan Kano, shekarata tara a kan kujerar. Ranar Laraba bayan la'asar, kowa ya watse, ina shirin kulle ofis, sai wata ɗaliba 'yar aji uku ta shigo ta zauna. Ta daɗe tana murza gefen hijabinta ba ta ce uffan ba. Can ta miƙo mini wayarta. Saƙonnin WhatsApp ne daga wani babban malaminmu, yawanci bayan sha ɗaya na dare: ta same shi ita kaɗai, ya san yadda zai yi da makinta. Ba ta je ba. Ni da hannuna na buga sakamakon kwas ɗin, 38 ya ba ta, saura biyu ta haye.

Da za ta fita ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, amana ce. In Babanmu ya ji, na gama boko ke nan." Shi kuwa malamin aminin shugaban sashenmu ne, a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Wajibi ne in kai rahoto? In na kai, na ci amanarta?

Wani magidanci: Hajiya, ki bi a hankali. Mutumin nan mai iyali ne, kuma ba ki ga komai da idonki ba. Ki nemi dattijo ya ja masa kunne a ɓoye. Ki ji tsoron ƙazafi, bulala tamanin ce.

Malamar Islamiyya: Malam, ƙazafi jifan mutum da zina ne, kuma babu wanda ya ce an yi zina a nan. Ga saƙonni a rubuce, ga maki a takarda. Rufin asiri na wanda ya yi kuskure ne tsakaninsa da Ubangijinsa, ba na wanda ke riƙe da jan biro yana farautar 'ya'yan mutane ba. Da 'yarka ce, jan kunne zai ishe ka?

Tsohon ma'aikacin ofishin rajistara: 'Yata, kafin komai ki koma ki karanta littafin ƙa'idojin aikinku, ki duba ko jami'arku na da rubutacciyar manufa kan cin zarafin ɗalibai. A can za ki ga wanda ake kai wa ƙara. Ki sani, ranar da maganar ta fashe, kwamiti zai tambaya wa ya sani, tun yaushe. Yarinya za ta ce ta faɗa wa Anti. A ranar, shirun naki shi zai zama laifi.

Amma kada ki tsallake ta. Ki kira ta, ki gaya mata gaskiya cewa wannan ya fi ƙarfin a binne shi, ki ba ta zaɓi: ta rubuta da kanta ki raka ta, ko ke ki rubuta. Tunda shugaban sashe na gida ne, ki wuce shi zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ko wurin rajistara. A rubuce, ba da baki ba. Kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki. Abin da kika gani da wanda kika ji kawai za ki rubuta, ban da fassara, ban da hukunci. Maganar 38 kuma hanyarta daban: ɗalibi na da damar neman a sake duba takardar jarrabawarsa, wani malamin ya sa mata maki. Ki kuma sanar da wakilin ƙungiyarku ta ma'aikatan jami'a, SSANU ce ko NASU, saboda kanki.

Wata lauya: Ƙari kan maganar Baba tsohon ma'aikacin rajistara, kada ɗalibar ta goge ko harafi ɗaya. Ta ɗauki hoton saƙonnin yadda lamba da lokaci za su fito, ta tura zuwa imel ɗinta. In jami'a ta yi nawa, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na da ofis a Kano, kuma suna ɗaukar neman lalata don maki a matsayin amfani da muƙami don son rai. Da haka suka gurfanar da Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo, kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu a Disambar 2018. Abin da ya kama shi muryarsa ce da ɗalibar ta naɗa a waya. In kuma malamin naku ya taɓa kai hannu jikin yarinyar, wannan maganar asibiti ce da 'yan sanda.

Wani matashi: Turo hotunan kawai mu watsa shi a Facebook, gobe ya bar garin.

Wata lauya: Ƙanina, sunan yarinyar ne zai fara yawo kafin nasa, kuma ka ba shi hujjar kai ƙarar ɓata suna.

Tsohuwar ɗaliba: Ni ta faru da ni. Matar da na faɗa wa ta ce in yi haƙuri in yi ta addu'a. Sau biyu na maimaita kwas ɗin. Daga baya na ji mu huɗu ne a ajin, kowacce tana zaton ita kaɗai ce. Anti, tsoron Baba ne babban abin da ke riƙe ta. Ki nemo mata wanda zai tsaya mata a gida tukuna, yaya ko gwaggo.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na kira ta ɗazu muka zauna a masallacin mata. Ta yi kuka, ta ce na yaudare ta, sannan ta yi shiru. Daga baya ta ce akwai yayarta ma'aikaciyar jinya, za ta fara gaya mata a daren nan. Saƙonnin suna nan, guda sha bakwai, mun tura imel. Na rubuta tawa takardar na sa a jaka, ban sa kwanan wata ba. Ta ce in jira ta zuwa Litinin da safe.