Ƙanina ya shige ɗaki, na tsinci tramol a aljihunsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ƙanina shekararsa 23, shi kaɗai ya rage a gaban Inna a ƙauye. Sa'anninsa duk sun tafi cirani, wasu Legas wasu Fatakwal, majalisarsu ta gindin darbejiya ta watse. Da damina ya fara shan tramol wai don ya jure ƙwadago. Yanzu an kai amfani gida, aiki ya ƙare, ƙwayar ba ta ƙare ba. Na je gida na tarar ya rame, yini yake a ɗaki, ko ɗaurin aure ba ya fita. A aljihunsa na ga katin ƙwayar mai lamba 225. Abin da ya hana ni barci, ya ce wa Inna shi da babu duk ɗaya. Kawu ya ce a kai shi gidan mari, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wannan magana tasa kada ki ɗauke ta da wasa. Ki keɓe da shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta tura mutum ga aikatawa. A kwashe fiya-fiya da maganin feshi daga inda yake kwana. Tramol mai ƙarfin miligiram 225 ta wuce abin da hukuma ta amince a sayar, wato miligiram 50 da 100, kuma tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kada ku yanke masa ƙwayar a rana ɗaya, zufa da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su mayar da shi ga shanta. Likita ne ke rage ta sannu a hankali. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano.

Wani dattijo: 'Yata, ki lallashi kawunki. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum kusan 300 daga irin wannan gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Wanda ya taɓa sha: Yaya, ni shekara huɗu na yi a ciki. Wallahi ba daɗinta nake ji ba, dare ne ke min tsawo, ba mai cewa ina ka shiga. Wa'azi na sha har na gaji. Abin da ya ɗago ni, wani yayanmu ya riƙa zuwa da asuba yana ja na zuwa noman rani a fadama, bai taɓa ce min ɗan ƙwaya ba. Ki riƙa kiransa kullum, ko hirar farashin gero ce.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na kira Inna ta ɓoye maganin feshin. Ranar Laraba zan koma, Dawanau ta fi mana kusa. Amma ta yaya zan ce masa asibitin ƙwaƙwalwa, bai ɗauka mahaukaci na mayar da shi ba?