Wai bindiga makamin matsorata ce?

Ɗan Kwari: Jiya an cire ni daga wani zaure don na faɗi gaskiya, to a nan ma zan maimaita. Baka mai kunama, wato bakan da ake ɗanawa a ja kunama kamar ta bindiga ya saki kibiya, wanda Sinawa ke yaƙi da shi tun kafin daular Qin, ya fi bindigar Turawa ta farko. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba jiran lagwani ya kama. Da shi aka kashe Sarki Richard na Ingila a 1199. Bindiga dai makamin matsorata ce.

Jikan Maharba: Matsorata? Da harba-ka-ruga kakana ya tari ɓauna. Janye kalmar nan, ɗan'uwa.

Ɗan Kwari: To wa ya ce ya ruga?

Jikan Maharba: Kar ka sako kakana a bakinka!

Malama Uwar Biyu: Ku tsaya. Bakan naka ma haka baraden Turai suka ɗauke shi, don manomi kan koye shi cikin ɗan lokaci ya kayar da mai sulke daga nesa. A 1139 taron majami'a a Roma har haramta harbin Kirista da shi ya yi. Kuma a yaƙin Crécy a Faransa, 1346, maharban Genoa ta Italiya masu irinsa sun sha kashi hannun Ingilishi masu dogon baka, saboda ɗana mai kunamar na cin lokaci.

Bazabarme: Malama, bar zancen Turai. A yaƙin Tondibi, 1591, sojan Maroko daga nesa suka yi ta ɓarin wuta, har shanun da Askiya Ishaƙ, sarkin Songhai, ya koro suka firgita suka juyo kan mutanensa. Wannan ce jarumta?

Ɗan Barno: Wato Mai Idris Alooma da ya kawo Turkawa masu bindiga matsoraci ne? Ka iya bakinka.

Bafillace: Babarbare dai, ko sanda aka ɗaga masa sai ya nemi Baturke.

Ɗan Barno: Kai koma wajen shanunka, kar su juyo kanka.

Ɗan Kwari: Jama'a, maganar baka fa nake!

Admin: Na rufe. Abin da aka cimma: bindiga ta yi nasara, Tondibi shaida ce, kuma duk mu da muka tashi gidan maharba mun san ba matsoraci ke ɗura albarushi dabba na tunkaro shi ba. Ɗan Kwari bai kawo hujja ko ɗaya ba. Ya ba Jikan Maharba haƙuri kafin magariba, ko a sake cire shi.