Neman shawara: ƙasar da babu hayaniya amma kotunta ba ta da ƙarfi, ko mai hayaniya da kotu tsayayya?

Mai tambaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kamfanin da nake cikin hukumar daraktocinsa yana shirin kafa masana'anta a ƙetare, kuma zaɓi ya tsaya tsakanin ƙasashe biyu waɗanda ba zan ambaci sunayensu ba tunda magana ba ta kammala ba. Ta farko shugaba ɗaya ne yake mulkinta shekara da shekaru, babu zanga-zanga, babu yajin aiki, kuma ministan masana'antu da kansa ya yi mana alkawarin fili da yafewar haraji, sai dai kowa ya san alƙalan ƙasar ba sa yanke hukuncin da zai ɓata wa fadar shugaba rai. Ta biyu kuwa gwamnati tana canzawa kusan duk zaɓe, jaridu ba sa raga wa kowa, samun lasisi yana cin watanni, amma kotunanta sun sha kayar da gwamnati a shari'a. Yawancin abokan aikina sun karkata ga ta farko, suna cewa jari ba ya son hayaniya. Ni hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan ajiye a gabansu. Da wane ma'auni ake auna irin wannan haɗari, kuma me ya kamata mu rubuta a yarjejeniya?

Amsar wani lauya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙarfin mai zuba jari yana kan ganiyarsa ne kafin kuɗinsa su fita daga hannunsa, lokacin da gwamnati take zawarcinsa kuma yana da damar juyawa ya nufi wata ƙasar. Ranar da aka zuba siminti aka kafa injina, ƙarfin ya koma hannun gwamnati, domin ba a naɗe masana'anta a loda ta a jirgi. Don haka abin da za ku auna shi ne wannan: idan aka sauya muku sharuɗɗa bayan kuɗinku sun nutse, wa yake da ikon hana hakan, kuma wa zai tilasta a biya ku diyya?

Meziko ta ƙwace kamfanonin mai na ƙetare a 1938, Iran ta yi haka a 1951, Masar ta karɓe kamfanin mashigin Suez a 1956. Na kusa-kusa shi ne na Ajantina, wadda a 2012 ta karɓe kashi 51 cikin ɗari na kamfanin mai na YPF daga hannun kamfanin Repsol na ƙasar Sifen, kuma sai a 2014 aka daidaita a kan diyyar kusan dala biliyan 5, wato wajen rabin abin da Repsol ya nema, ita ma ɗin da takardun lamuni aka biya. Amma a yau ƙwace na fito-na-fito ya yi ƙaranci. Abin da aka fi gani shi ne a ƙi sabunta muku lasisi, ko a ƙayyade farashin kayanku ƙasa da abin da kuka kashe, ko a tilasta muku sayar da kaso ga wani ɗan ƙasa da aka zaɓa muku, har kamfanin ya zama naku a takarda kawai.

A yarjejeniya, ku rubuta cewa duk saɓanin da ya taso kwamitin sasanci ne zai yanke shi, a wata ƙasa ta uku, bisa dokar da kuka ambata da sunanta. Ku duba ko ƙasar ta shiga yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka amince da ita, domin ita ce take ba da damar zartar da hukuncin sasanci a kan dukiyar wanda aka kayar ko da tana wata ƙasar. Ku kuma duba ko tana cikin ICSID, cibiyar Bankin Duniya mai sasanta rikici tsakanin ƙasashe da masu zuba jari na ƙetare, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar 1965. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: zaman ƙasa mamba bai wadatar ba, sai ta amince a rubuce, a cikin kwangilarku ko dokarta ko yarjejeniyar kare jari tsakaninta da ƙasarku, cewa za a iya kai ta can. Kuma ƙasa tana iya ficewa, kamar yadda Bolibiya ta yi a 2007 da Benezuwela a 2012.

Amsar wata ma'aikaciyar banki

Barista ya yi bayani a kan shiga, ni kuma zan yi a kan fita. Masana'anta tana iya cin riba kowace shekara, babu wanda ya taɓa muku ko ƙusa ɗaya, amma ribar ta maƙale a asusun cikin gida saboda babban bankin ƙasar ya daina sayar da kuɗin waje ko ya kafa layin da ba ya motsi. A Disamban 2001 Ajantina ta taƙaita cirar kuɗi daga bankuna, a farkon 2002 kuma ta mayar da ajiya da kwangilolin dala zuwa peso, wanda ya rasa fiye da rabin darajarsa cikin watanni. Ku tambaya ko babban bankin kowace ƙasa cikin biyun yana da 'yancin kansa, ku kuma nemi kamfanonin ƙetare da suka riga ku zuwa su gaya muku tsawon lokacin da suke jira kafin su fitar da ribarsu.

Hujjar da kake nema ta kai wa hukumarku, Alhaji, masu inshora za su ba ka ita da alƙaluma. Hukumar MIGA ta Bankin Duniya, wadda aka kafa a 1988, tana sayar da inshora a kan ƙwace kadara, da hana canji ko fitar da kuɗi, da yaƙi ko tarzoma, da karya kwangila daga ɓangaren gwamnati, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da suke wannan sana'a. Ku nemi farashi a kan ƙasashen biyu, a kan aiki iri ɗaya da shekaru iri ɗaya. Bambancin da za ku gani shi ne ra'ayin mutanen da aljihunsu zai yi kuka idan sun yi kuskure. Ku sani dai irin wannan inshora ba ta biyan asarar faɗuwar darajar kuɗi, kuma tun kafin a zuba jarin ake fara nemanta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Amsar wani ɗan kasuwa

Ina girmama Barista da Hajiya, amma ina ganin ana so a wanke ƙasashen da ake zaɓe fiye da yadda suka cancanta. A Janairun 2012 kotun ƙolin Indiya ta yanke cewa kamfanin sadarwa na Vodafone ba shi da harajin da zai biya a kan cinikin da ya yi a 2007, sai majalisar dokoki ta gyara dokar a shekarar nan, ta mayar da aikinta baya har zuwa 1962. Jamus ta yanke shawarar rufe tashoshin nukiliyarta a 2011 bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, alhali watanni kaɗan kafin nan ta tsawaita musu wa'adi. Sifen ta zaftare tallafin da ta yi wa masu wutar hasken rana alkawari bayan sun gama gina tashoshi. Ƙuri'ar Birtaniya ta 2016 ta ficewa daga Tarayyar Turai ta rikita lissafin masana'antun da suka kafu a can don sayarwa a nahiyar. Duk waɗannan ƙasashe ne masu zaɓe da kotu. Ni dai gara wanda zan zauna da shi ya ce e, e ɗin ta zauna.

Lauyan ya sake amsawa

Malam, misalanka duk gaskiya ne, amma ka tsaya a tsakiyar labari. Vodafone ya kai ƙara gaban kwamitin sasanci ya yi nasara a 2020, Indiya kuma ta soke wannan gyaran doka a 2021. Kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke a 2016 cewa kamfanonin da ke da tashoshin nukiliyar suna da haƙƙin diyya, kuma a 2021 gwamnati ta amince ta biya kamfanoni huɗu kimanin yuro biliyan 2.4. Na yarda shekara tara ba ƙaramin jira ba ne, ƙaramin kamfani ma zai iya durƙushewa kafin hukunci ya fito, kuma Sifen ta yi ta jan ƙafa wajen biyan hukunce-hukuncen da aka yanke a kanta. Duk da haka akwai ƙofar da aka ƙwanƙwasa, kuma sauye-sauyen an yi muhawararsu a majalisa da jaridu, mai sa ido yana ganin hadarin tun yana haɗowa. E ɗin mutum ɗaya kuwa tana zama ne muddin yana kan kujera kuma bai canza ra'ayi ba. Waɗanda suka ƙulla harka da Iran kafin juyin juya halin 1979, ko da Libiya kafin faɗuwar Gaddafi a 2011 bayan shekara 42 yana mulki, su ma ƙasa mai shiru suka gani.

Amsar wani jami'in bin ƙa'ida a kamfani

Akwai haɗarin da ba daga ƙasar da kuka je zai zo ba. Bayan Rasha ta afka wa Yukren a 2022, takunkumi da matsin lamba sun sa kamfanin mai na BP ya sanar da barin kasonsa na kusan kashi 20 cikin ɗari a Rosneft, kamfanin mai na Rasha, a Yulin 2023 kuma gwamnatin Rasha ta ɗora hannu a kan rassan kamfanonin Turai na Danone da Carlsberg da ke ƙasarta. Idan kuna ciniki da dala, dokokin Amurka suna biye da ku: bankin BNP Paribas na Faransa ya biya tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 saboda hada-hadar da ta shafi Sudan da Iran da Kuba. Haka dokar Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 suke hukunta cin hancin da aka bayar a wata ƙasa, ko da ta hannun dillali ne, kuma kamfanin Siemens na Jamus ya biya kimanin dala biliyan 1.6 a Amurka da Jamus a 2008 a kan haka. Inda komai sai da sa hannun minista, 'yan tsakiya suna da yawa, kuma abin da suka bayar da sunanku a kanku zai faɗo.

Amsar wata malamar shari'a

Ƙari kaɗan. Ku gano asalin tsarin shari'ar kowace ƙasa kafin ku rubuta komai. Inda aka gaji tsarin Ingila, hukunce-hukuncen baya suna da nauyi kuma abin da ba ku rubuta ba da wuya alƙali ya ƙara muku shi, shi ya sa kwangilolinsu suke da tsawo. Inda aka gaji kundin dokokin Faransa na 1804, doka ce take cike giɓi, kuma a irin wannan tsari kwangilar da aka ƙulla da gwamnati tana iya faɗawa ƙarƙashin kotunan gudanarwa, inda hukuma take da ikon sauya wasu sharuɗɗa ita kaɗai tare da biyan diyya. Sannan ku yi rajistar tambarinku tun yanzu a ƙasashen biyu. Apple ma sai da ya biya kamfanin Proview dala miliyan 60 a 2012 kafin ya mallaki sunan iPad a Sin.

Mai tambaya ya dawo

Allah ya saka muku da alheri. Na koma na duba takardunmu, kuma abu biyu sun fito. Yafewar harajin nan tana cikin wasiƙa ce mai sa hannun minista, ba ta cikin dokar haraji. Abokin haɗin gwiwar da aka ba mu shawarar ɗauka kuma surukin wani babba ne a gwamnati. Barista, wannan ya kashe maganar ƙasa ta farko ke nan?

Lauyan

Bai kashe ta ba, Alhaji, amma ya canza lissafin. Ku cire yafewar daga hasashen riba gaba ɗaya, ku ga ko aikin zai tsaya da ƙafarsa. Idan suna so ku lissafa da ita, to a fitar da ita a jaridar gwamnati ko a sanya ta cikin yarjejeniyar da ministan kuɗi zai sa wa hannu, tare da sharaɗin cewa duk sabuwar dokar da ta rage muku riba gwamnati za ta biya bambancin, da sharaɗin sasanci a ƙasa ta uku, da amincewarta a rubuce cewa ba za ta fake da kariyar da ƙasashe suke da ita a kotu ba. Surukin kuwa ku sa kamfanin bincike mai zaman kansa ya tantance shi, ku kuma tanadi haƙƙin sayen kasonsa idan sunansa ya shiga jerin takunkumi ko aka tuhume shi, domin wanda ya buɗe muku ƙofa a wannan gwamnati shi ne za a fara bincika a ta gaba. Ku shiga mataki-mataki, ku fara da hayar gini da harhaɗa kaya kafin ku gina naku, ku kuma ranto wani ɓangare na kuɗin daga bankunan ƙasar da wata cibiyar raya ƙasashe, yadda duk wanda ya taɓa ku zai taɓa su. Ku miƙa waɗannan sharuɗɗa ga gwamnatocin biyu a mako ɗaya, sannan ka kai wa hukumarku amsar kowace tare da farashin inshorar da Hajiya ta ambata.