Saitin ƙafafun farosesa: fayil ɗaya zan yi ko kowane allo da nasa?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Na haɗa allon lantarki na kaina a kan farosesa i.MX6ULL domin lura da famfunan burtsatse masu aiki da sola a wasu ƙauyuka da ke kan hanyar Dass, kuma yanzu allon ya zama iri biyu. A na farko modem yana kan UART2, ɗaya daga cikin hanyoyin sadarwar farosesa, a na biyu kuwa na mayar da shi UART3 saboda ina bukatar ƙafafun farkon domin rile, wato makunnin lantarki. Duk rukunonin ƙafafun suna cikin .dts ɗaya, wato fayil ɗin bishiyar na'urori (device tree) da ke gaya wa Linux abin da ke kan allo, a ƙarƙashin iomuxc, sashen da ke raba wa ƙafafu aiki, ina toshe wasu layuka ina buɗe wasu gwargwadon allon da ke gabana, har makon jiya na ɗora wa allo na biyu bishiyar na farko ban ankara ba. Shin in zuba abin da suka yi tarayya a kai cikin .dtsi ɗaya, wato fayil ɗin da ake jawowa cikin .dts, kowane allo ya samu .dts nasa, ko kuwa in bar bishiya ɗaya in riƙa ɗora mata .dtbo, wato fayil ɗin ɗori, daga U-Boot, manhajar da ke tayar da Linux? Nan da mako biyu zan aika zane na uku a buga, kuma ba zan canja farosesa ba domin na riga na sayi talatin.

Ɗan Pantami: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, famfo da rile ɗaya ba sa bukatar Linux. Ka ɗauki ƙaramin farosesa ESP32 ka huta da wannan bishiya baki ɗaya.

Malama daga Tudun Wada: Ya ce ya riga ya sayi talatin, Malam. Ɗan Yelwa, ka yi .dtsi na abin da allunan suka yi tarayya a kai, kowane zane kuma ya samu .dts nasa mai ɗauke da model da compatible na kansa, domin idan ka sake kuskuren makon jiya za ka gan shi a layukan farko da kanel, wato zuciyar Linux, zai rubuto. Kowane rukuni ka raɗa masa suna da aikinsa, kada ka haɗa ƙafafun modem da na rile wuri ɗaya, sannan na'urar da ke amfani da rukunin ita za ta kira shi ta pinctrl-0. Fayil ɗin ɗori an yi shi ne domin abin da ake cirewa ana mayarwa, irin ƙananan allunan da ake ɗora wa allon BeagleBone, alhali naka ƙafafun an riga an liƙe su da dalma.

Injiniyan Dadin Kowa: Duk wannan tsari na Malama mai kyau ne, amma ni ba tsarin fayil ne ya karya ni ba. Shekara huɗu da suka wuce na karɓi aikin na'urorin auna ruwa a gonakin rani, na zana allo a kan farosesa AM335x, na kwafi bishiyar BeagleBone Black na cire HDMI, sai na ga ƙafafun LCD_DATA guda goma sha shida zaune ba su da aikin yi. Na mayar da su GPIO, wato ƙafafun shiga da fita na gama-gari, da saitin MUX_MODE7, na jona musu na'urorin auna ruwa, kowace da resistanta. A kan tebur komai ya tafi daidai, domin nakan kunna allon tukuna sannan in jona waya. Da aka kai su gona aka jona komai kafin a ba da wuta, allo arba'in babu wanda ya tashi, ko harafi ɗaya bai fito ta UART ba. Na yi kwana tara ina zargin bishiyar, ina canja lambobi ina sake haɗawa da dtc, manhajar da ke haɗa bishiyar, ashe waɗannan ƙafafun su ne SYSBOOT, farosesa yana karanta su a daidai lokacin da wuta ta shigo domin ya san inda zai tashi, kuma biyun ƙarshe su ke gaya masa ko kiristal ɗin na mega 24 ne ko na 25 ko waninsu. A wannan lokacin babu kanel, babu U-Boot, balle wata bishiya da za ta cece ka. Na yanke layuka da reza na yi jampa a kan alluna arba'in, ɗaya bayan ɗaya, a cikin zafin watan Afrilu. Mai aikin ya riƙe rabin kuɗina har yau, yaran da na ɗauka kuma daga aljihuna na biya su. Ƙanena, ka duba naka da kyau, domin i.MX6ULL ma yana karanta saitin tashi daga ƙafafun LCD_DATA matuƙar ba ka ƙona fiyus ɗinsa ba.

Mai Soda na Wunti: Allah Ya mayar da alheri, Injiniya. Amma me ya hana ka sake buga allon? Ni bara na buga guda goma daga Sin, da kuɗin kawowa duka bai kai naira dubu sittin ba.

Injiniyan Dadin Kowa: Naka mai shimfiɗa biyu ne, Malam. Nawa shida ne kuma farosesan BGA ne, wato mai ƙafafu a ƙarƙashinsa, kuɗin da aka yanka mini na sake bugawa da ɗora kaya ya haura miliyan biyu.

Ɗan Pantami: An cuce ka ke nan. Wani abokina ya yi mai shimfiɗa huɗu a kan dubu ɗari uku, har da ɗora kaya.

Tsohon Malamin Lantarki: Ku yi haƙuri, 'ya'yana, farashin da ba a faɗi shekara da canjin dala ba ai ba farashi ba ne. Abin da ya sami Injiniya kuwa rashin karanta littafin farosesa ne, kuma shi ya sa nake cewa a yi amfani da manhajar da kamfanin ya tanada: TI na da SysConfig, ST na da STM32CubeMX, NXP ma na da nasu na i.MX. Su za su nuna maka idan ayyuka biyu sun yi karo a ƙafa ɗaya. A i.MX kowane layi na fsl,pins lambobi shida ne, biyar suna ɓoye cikin sunan ƙafar, ta shida irin 0x1b0b1 ita ce ta ƙarfin turawa da resistan ciki, kuma yawancinku kwafe ta kuke yi ba ku san abin da ta ƙunsa ba.

Mai Soda na Wunti: Baba, da girmanka, yaushe rabonka da riƙe ƙarfen soda? Manhajar ba ta san abin da mutum ya liƙa a allonsa ba. Ni abin da na yarda da shi shi ne mita da fayil ɗin pinmux-pins da ke cikin /sys/kernel/debug/pinctrl, domin shi yake faɗin wanda ya riƙe kowace ƙafa a zahiri.

Tsohon Malamin Lantarki: Tun kafin Linus Torvalds ya yi faɗa kan tarkacen fayilolin allunan ARM a 2011, har aka rungumi wannan bishiya, ina koyar da waɗannan abubuwa. Wanda ka koyi soda a wurinsa wataƙila ɗalibina ne.

Malama daga Tudun Wada: Kowannenku yana da gaskiya a inda ya tsaya. Na taɓa ganin allon da UART ɗinsa yake aiki alhali babu rukuninsa a bishiyar Linux, ashe U-Boot ne ya saita ƙafafun ya bar su a haka, ranar da aka sabunta U-Boot sai ya yi shiru. Manhaja ba za ta gaya maka wannan ba, mita ma ba za ta gaya maka ba sai bayan ya lalace. Ɗan Yelwa, ka kuma lura cewa ƙafafun SNVS_TAMPER a 6ULL suna ƙarƙashin iomuxc_snvs ne, ba kamar a farosesa i.MX6UL ba.

Ɗan Pantami: Wannan bishiya ta fi kukar bulukiya yawan aljanu. Injiniya ya hau ya faɗo, ku kuma kuna ta ba yaro tsani.

Injiniyan Dadin Kowa: Dariya taka ce, amma abin da ya fi cin raina shi ne, bayan na gyara allunan suna aiki, sai aka ba wani daga Abuja kashi na biyu na aikin, ya shigo da na'urorin waje a kan ninki uku na kuɗina aka biya shi nan take. Nasa suna lalacewa a ce ƙura ce, nawa kuwa da ya yi tari sau ɗaya aka ce aikin gida ne.

Ɗan Yelwa: Na gode muku duka, na duba zanen kuma lallai rile ɗin sabon allon yana kan LCD_DATA05, zan ɗauke shi. Amma har yanzu ban gane ba, Malama, idan alluna biyu suna amfani da UART ɗaya a ƙafafu daban-daban, rukunonin biyu a .dtsi za su zauna ko kowanne a .dts nasa?

Mai Soda na Wunti: Injiniya, maganarka ta tuna mini da wani mai otal da na haɗa wa na'urar sauya wuta tsakanin inbata da janareta tun kafin azumi. Ya ce in dawo bayan Sallah, na koma ya ce ai Babbar Sallah yake nufi. Kai da ka yi aikin gonaki, ana rubuta yarjejeniya da irin waɗannan mutane kuwa, ko kai ma da baki kuka yi?